Yadda ake lissafa nisa da tsawon lokacin tafiyar jirgi daga Gombe ko Bauchi

Wanda ya san nisan da ke tsakanin filin da zai tashi da filin da zai sauka, kuma ya iya mayar da nisan nan zuwa awanni, tsara ranar tafiya ba zai gagare shi ba. Zai san lokacin barin gida, ya san abin da zai faɗa wa mai tarbarsa, ya san inda salla za ta riske shi, ya kuma san ko jirgi na biyu da zai kama a Abuja zai same shi ko zai tashi ya bar shi. Waya da biro da 'yar takarda sun isa. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, lokacin da aka buga a tikiti guntu ne kawai a cikin tafiyar. Wanda zai amfane ka shi ne na daga ƙofar gidanka zuwa ƙofar masaukinka. Da misali biyu za mu yi aiki: Gombe zuwa Abuja, da Gombe zuwa Jidda. Mutumin Bauchi zai ga nasa lambobin a hanya.

Mataki na ɗaya: san filayen biyu

Filin jirgin Gombe yana Lawanti, cikin ƙaramar hukumar Akko, kan hanyar Bauchi in ka wuce Tumfure, kimanin kilomita 30 daga gari. Na Bauchi, mai sunan Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana Durum kan hanyar Ningi, kilomita 20 da 'yan kai daga cikin gari. Na Abuja ya fi su nisa, don tsakaninsa da tsakiyar birni ya kai kilomita 40. Ajiye waɗannan lambobi a gefe, za mu dawo kansu.

Kowane fili yana da haruffa uku da aka san shi da su a duniya, su ne a tikiti, su ne kuma a takardar da ake liƙa wa jakarka wurin awo. Gombe GMO, Bauchi BCU, Abuja ABV, Legas LOS, Kano KAN, Jidda JED, Madina MED. Rubuta na tashinka da na saukarka a saman takarda. Maniyyaci ya duba da kyau ko JED ne ko MED. Mai sauka Jidda da niyyar wucewa Makka da haraminsa zai sauka, mai sauka Madina kuwa sai ranar da zai bar Madina zai ɗaura a Zul-Hulaifa.

Mataki na biyu: nemo nisan

Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga shafin Great Circle Mapper a intanet, ka rubuta haruffan filayen biyu da ɗan layi a tsakani, kamar GMO-ABV. Nan take zai zana maka layi a taswira ya ba ka nisan. Google Maps ma yana da abin auna nisa a miƙe tsakanin wuri biyu, sai dai ka kula kada ka ɗauki nisan hanyar mota a madadinsa.

Duba ma'aunin da aka ba ka. In ka ga km, kilomita ne, shi ke nan. In ka ga mi, mil ne na ƙasa, sai ka ninka da 1.609. In ka ga nm, mil ne na teku wanda matuƙa jirgi ke aiki da shi, sai ka ninka da 1.852. Gombe zuwa Abuja zai iya fito maka 264 ko 229 ko 424, kuma duk nisa ɗaya ne.

Akwai kuma hanyar hannu, ga wanda yake so ya gane inda lambar ta fito. Ni ina ganin ya dace ɗalibi ya gwada ta ko da sau ɗaya ne. Kowane wuri yana da lambobi biyu a taswira, waɗanda ake aunawa da digiri: latitud, mai nuna yadda wurin ya yi arewa ko kudu, da longitud, mai nuna yadda ya yi gabas ko yamma. In ka danna yatsa ka riƙe a kan filin a Google Maps za su bayyana. Na Lawanti kimanin 10.30 da 10.90 ne, na Abuja 9.01 da 7.26.

Fara da lambobin farko. Cire 9.01 daga 10.30, saura 1.29. Kowane digiri na arewa da kudu kimanin kilomita 111 ne ko'ina a duniya, don haka 1.29 sau 111 ya ba da 143. Koma kan na biyu. Cire 7.26 daga 10.90, saura 3.64. Digirin gabas da yamma yana ƙanƙancewa yayin da ake yin arewa; a yankinmu kimanin kilomita 109 ne. 3.64 sau 109 ya ba da 397. To, Abuja tana kudu da Gombe da kilomita 143, tana yamma da ita da kilomita 397, jirgi kuwa a karkace zai yanka. Ninka 143 da kanta, 20,449. Ninka 397 da kanta, 157,609. Haɗa su, 178,058. Danna alamar √ a kalkuletar wayarka, za ka ga 422. Tsakaninsa da abin da kwamfuta ta bayar bai wuce kilomita biyu ko uku ba.

Jidda tana 21.68 da 39.16. Bambancin farko 11.38 ne, sau 111, wato 1,263. Na biyu 28.26 ne, amma a nan da 107 za ka ninka, domin tsakiyar hanyar ta fi Gombe arewa. Ya ba da 3,024. Bi ta yadda muka bi ɗazu, za ka tashi da abin da ya kusa 3,280. Cikakken lissafi yana ba da kimanin 3,270. In tafiyar ta fi haka tsawo, kamar zuwa Ingila ko Amurka, bar hanyar hannu, kuskurenta yana girma.

Ga sauran da aka fi nema, duk a kimance. Bauchi zuwa Abuja kilomita 320, zuwa Legas 830, zuwa Jidda 3,370. Gombe zuwa Legas 930, zuwa Madina 3,430.

Za ka lura a doguwar tafiya layin da shafin ya zana yana ɗan lanƙwasa. Ba kuskure ba ne. Kife ƙwarya ka miƙa zare tsakanin wuri biyu a bayanta, ka ja ya yi tsam: hanyar da zaren ya bi ita ce mafi kusa, amma in aka zana ta a shimfiɗaɗɗiyar takarda sai ta fito a lanƙwashe. Daga Lawanti, wannan layi yana bi ta kudu da Maiduguri, ya ratsa saman yankin Njamena, ya keta Chadi da arewacin Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya ya dira Jidda. Kusan shi ne alƙiblar da muke fuskanta a Gombe, gabas da ɗan karkata arewa. Saboda haka in jirgin ya miƙe bai yi zagaye ba, alƙibla tana wajen goshinsa.

Mataki na uku: gano irin jirgin

Tikiti ko shafin kamfani yakan faɗi irin jirgin. Masu injin jet na matsakaicin zango, irin Boeing 737 da Airbus A320, suna yin kimanin kilomita 830 a awa in sun kai can sama. Manyan da ke jigilar alhazai, irin Airbus A330 da Boeing 777, suna yin 870 zuwa 900. Masu farfela ba su kai su gudu ba: ATR 72 yana yin wajen 500, Dash 8 Q400 wajen 650.

Kada ka yi lissafi da ƙololuwar gudun, don jirgi ba ya kai wa gare shi sai ya gama hawa, kuma tun da nisa yake fara rage shi in zai sauka. A cikin gida yi aiki da 800 ga mai jet, 500 ga ATR. A doguwar tafiya yi aiki da 850.

Mataki na huɗu: raba, sannan ka ƙara

Raba nisan da gudun. Gombe zuwa Abuja, mu ce 425, a raba da 800, ya ba da 0.53. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, su ɗauka minti 53 ne. Kashi ne na awa, sai ka ninka shi da 60, ya zama minti 32. Haka 3,270 a raba da 850 ya ba da 3.85, wato awa 3 da 0.85 sau 60, awa 3 da minti 51.

Yanzu ƙara rabin awa. Wannan shi ne na turo jirgi baya daga inda ya tsaya, da gangarawa zuwa bakin titi, da jiran izinin tashi, da hawa, da sauka, da sake gangarawa zuwa inda za a buɗe ƙofa. Kamfanoni daga rufe ƙofa zuwa buɗe ƙofa suke ƙirga abin da suke bugawa a tikiti, shi ya sa za ka ji matuƙi ya ce tafiyar minti 45 ce alhali tikiti ya nuna awa ɗaya. Dukansu gaskiya suka faɗa: shi na sama kawai ya ƙirga.

Da wannan, Gombe zuwa Abuja awa ɗaya ce a jet, awa ɗaya da kwata ko da minti 20 a ATR. Bauchi zuwa Abuja ba ta cika awa ba, wajen minti 55. Gombe zuwa Legas kai tsaye awa ɗaya da minti 40. Gombe zuwa Jidda awa huɗu da minti 20, ka ce huɗu da rabi, domin jirage ba sa bin layin nan sak, akwai hanyoyin da aka shata musu a sama masu 'yan kwane-kwane. Ga mutumin Bauchi, ko mai sauka Madina, ƙara minti goma zuwa kwata.

Lura da wani abu a nan. A gajeriyar tafiya bambancin jet da mai farfela bai wuce minti 20 ba. Ban ga dalilin da mutum zai bar jirgin safe mai farfela ya jira na yamma don kawai jet ne ba.

Mataki na biyar: abin da ke tsawaita tafiya

Babbansu zagaye. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazan Najeriya na wannan shekara suka koma kewayawa, tafiyar ta ƙaru da awanni, har kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi. Saboda haka kafin ka dogara da awa huɗu da rabi, bincika ta inda jiragen ke bi a lokacin tafiyarka. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk ƙarin kilomita 850 ƙarin awa ɗaya ne.

Sai iska. A can sama tana kaɗawa da ƙarfi, in ta biyo bayan jirgi ta rage masa lokaci, in ta tare shi ta ƙara. Shi ya sa zuwa da dawowa ba sa cika zama daidai, ko da hanya ɗaya aka bi.

Amma abin da ya fi taɓa mu a nan shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da ƙura ke rufe gari har matuƙi ba ya iya hango titi daga nisan da doka ta yarda. A irin wannan rana jirgin da zai ɗauke ka ba ya ma barin Abuja ko Legas, ko ya zo ya yi ta shawagi ya juya. Ba ganganci ba ne, kuma ba abin yi wa ma'aikata faɗa ba ne. Gara a kwana a gida da a gwada sauka a makance. Da damina kuma hadari ne, wanda ya fi haɗuwa da la'asar zuwa dare. Ga shi jirgi ɗaya ne ke zagaya garuruwa da dama a yini, in ya makara da safe makarar za ta bi shi har yamma tana ƙaruwa. Wasu filayen ƙasar nan ma ba sa karɓar jirgi bayan faɗuwar rana, in dare ya yi sai gobe. Duk waɗannan suka sa nake ba da shawarar jirgin safe ga duk mai zaɓi.

Hanyar gane halin jirginka ita ce manhajar Flightradar24 ko FlightAware. Rubuta lambar tafiyar da ke tikitinka, haruffa biyu, ko harafi da lamba, sai 'yan lambobi. Za ka ga ainihin lokacin da ya tashi da wanda ya sauka a kwanakin baya, har da layin da ya bi a taswira. In ka ga kwana biyar cikin bakwai yana makara da awa guda, sa awar nan a lissafinka. Ran tafiya kuma duba ko jirgin ya taso daga inda yake. In bai bar Abuja ba tukuna, ka san da sauran aƙalla awa ɗaya da rabi kafin ya ɗauke ka. Amma wannan ba izinin zama a gida ba ne, don kantar awo kan rufe a kan lokacin da aka buga, sai in kamfanin da kansa ya aiko da saƙon ɗagewa.

Mataki na shida: agogo

Wannan mataki ya fi kowanne jawo asara, don haka bari mu bi shi a hankali.

Tikiti da agogon awa 24 yake aiki. 07:15 bakwai da kwata na safe ne, 19:15 bakwai da kwata na dare. Duk lambar da ta haura 12, cire 12 ka samu na yamma. Wanda ya fi haɗari shi ne na tsakar dare. In aka rubuta Talata 00:30, to sha biyu da rabi ne na daren Litinin wayewar Talata, ma'ana tun bayan isha'in Litinin ya kamata kana fili. Wanda ya bari sai daren Talata, jirgi ya tafi da kwana guda. In ka ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari za ka isa.

Na biyu, kowane lokaci a tikiti na garin da abin zai faru ne: na tashi da agogon garin tashi, na sauka da agogon garin sauka. Saudiyya tana gaba da mu da awa biyu duk shekara. Haka Habasha da Turkiyya. Dubai awa uku. Masar awa ɗaya ce da hunturu, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba tana zama biyu, tun da suka dawo da sauya agogo a 2023. Ingila tana baya da mu da awa ɗaya da hunturu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma agogonmu ɗaya.

A ce tikiti ya nuna tashi daga Gombe 14:00, sauka Jidda 20:30. Da ido awa shida da rabi ne. Mayar da na saukar zuwa agogon gida, cire biyu, ya zama 18:30. Awa huɗu da rabi ke nan. A dawowa kuma, tashi daga Jidda 10:00, sauka Gombe 12:30, ka ga kamar awa biyu da rabi, amma goma ta Jidda takwas ce a gida, tafiyar dai huɗu da rabi ce.

Ga yadda abin kan kasance. Dattijo ya kira ɗansa daga Jidda.

“Ga mu cikin jirgi, ƙarfe goma za mu tashi.”

“To Baba, Allah Ya kawo ku lafiya. Za mu fito da wuri.”

Ɗan ya ɗora huɗu da rabi a kan goma, ya ce wa mutan gida sai biyu da rabi. Aka ci gaba da girki ba gaggawa, aka tura mota wanki. Sha biyu da rabi jirgi ya dira Lawanti. Dattijo ya fito da jakarsa, layin Saudiyya ne a wayarsa ba ya kira, ya samu inuwa ya zauna a kan jakar yana duban kowace mota da ta shigo. Tambaya ɗaya ce da ta hana wannan: “Baba, goma ta can ko ta nan?”

Sanin agogon nan yana da amfani ga ibada. Mai tafiya gabas yininsa gajarta yake. Wanda ya tashi Gombe ƙarfe biyu na rana, rana za ta faɗi masa a sama wajen ƙarfe biyar ta agogon gida, da hunturu ma kafin haka. Mai azumi da ke tafiya Umara da faɗuwar ranar da ya gani daga inda yake zai sha ruwa, ba da agogon Gombe ko na Jidda ba. A dawowa yinin tsawo yake ƙarawa. Batun haɗa salloli da ƙasaru, je wa malaminka da lokutan a rubuce tun kafin tafiya, ya fi ka tambaya a dunƙule. Haka harami: mai sauka Jidda yana isa daidai miƙati ne a ƙarshen tafiya, kafin sauka da ɗan lokaci, kuma ma'aikatan jirgi kan sanar. Banɗakin jirgi ƙarami ne, layi kuma dogo, don haka yi wanka ka sa tufafin tun a ƙasa, ya rage niyya da talbiyya kawai. Mai ciwon suga ko hawan jini ya sa maganinsa a jakar hannu, ya ƙirga awannin da ke tsakanin sha da sha da agogon gida har ya isa.

Mataki na bakwai: in akwai yada zango

Jirgi kai tsaye daga Gombe ko Bauchi zuwa Saudiyya na lokacin jigilar Hajji ne. Mai Umara galibi sai ya bi ta Kano ko Abuja, wani lokaci ma a sake yada zango a Adis Ababa ko Alƙahira. A nan kowane zango lissafinsa daban, da nasa rabin awar, sannan ka haɗa da zaman jira.

Ɗauki Gombe, Abuja, Adis Ababa, Jidda. Zangon farko awa ɗaya. Abuja zuwa Adis Ababa kimanin kilomita 3,460 ne, awa huɗu da rabi da 'yan mintuna. Adis Ababa zuwa Jidda kimanin 1,410, awa biyu da minti goma. A cikin jirgi kaɗai an kusa awa takwas, nisan ya haura kilomita 5,000, alhali a miƙe 3,270 ne. Sa jiran Abuja awa biyar, na Adis Ababa uku, ka ga awa 16. Tikiti mai rahusa da dogon jira yana iya dacewa da saurayi, amma in da Goggo ko Baffa mai ciwon ƙafa za ka yi tafiyar, auna awannin nan da kuɗin da za ka rage kafin ka biya.

Tambayi mai sayar maka da tikiti ko duk zangunan a tikiti ɗaya suke. In ɗaya ne, jirgin farko ya makara, nauyin kamfani ne ya sa ka a na gaba. In daban-daban ne, kamar yadda aka saba tsakanin jirgin gida da na waje, makarar na farko ba ta shafi na biyu ba, asarar taka ce. Don haka bar tazarar aƙalla awa biyar a Abuja: za ka jira kaya, ka koma ɓangaren ƙasashen waje, a sake awo, ka bi ta jami'an shige da fice, kuma ana son ka iso awa uku kafin tashi. A Legas ƙara a kan haka, domin ginin jiragen gida da na ƙasashen waje ba wuri ɗaya suke ba, sai ka shiga mota. Lokacin hazo kuwa kada ka haɗa su rana ɗaya ko kaɗan. Tafi ana gobe ka kwana. Kuɗin masaukin dare ɗaya bai kama ƙafar kuɗin sabon tikitin Jidda ba.

Mataki na takwas: daga ƙofa zuwa ƙofa

Yanzu dawo da lambobin da muka ajiye. Lissafin barin gida da baya-baya ake yin sa. A ce jirginka na Abuja 10:00 ne. Ana son ka kasance a fili awa biyu kafin tashi, 08:00 ke nan. Daga Pantami ko Bolari ko Jekadafari zuwa Lawanti ba wa kanka minti 40, saboda cunkoson safiya na 'yan makaranta da Keke Napep. Ƙara kwata don abin da ba a rasa ba, ko mai, ko taya, ko an manta katin shaida an koma. Bakwai da minti biyar ka fita. Mai tasowa daga Kaltungo ko Bajoga ko Dukku ya ɗora tsawon hanyarsa a kai, in jirgin na sassafe ne ya kwana a Gombe. Mutumin Azare ko Jama'are kuma ya gwada lissafin da Kano kafin ya yanke shawarar zuwa Durum, domin jiragen Kano sun fi yawa.

Sai gaba. Sauka 11:00, fitowa da jiran kaya rabin awa, daga fili zuwa cikin birni ta Lugbe minti 45 zuwa awa ɗaya. Sha biyu da rabi kana masauki. Tafiyar da tikiti ya kira awa ɗaya ta ci biyar da rabi. Duk da haka mutumin Gombe ya ci riba, don ta mota, ta Bauchi da Jos da Akwanga da Keffi, kusan kilomita 600 ne, yini guda cur. Ga mutumin Bauchi ribar ba ta kai haka ba: hanyarsa ta mota 400 ce da ɗoriya, in jirgi ya yi jinkirin awa biyu, shi da wanda ya yi sammako a tasha kusan tare za su shiga Abuja. In taronka na safe ne, ko jirgi ko mota, tafi ana gobe.

Na Jidda haka za ka yi, sai dai lambobin sun fi girma. Alhazan hukuma sansani ake kiran su tun da sauran awanni masu yawa, wani lokaci a kwana a can, don haka bi sanarwar hukumar alhazai ta jiharka, ba lissafinka ba. Bayan sauka akwai layin shige da fice da jiran kaya, wanda lokacin Hajji kan ɗauki awanni, sannan tafiyar mota zuwa Makka da ta kusa kilomita 100 daga filin, awa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau. Mai sauka Madina ya fi samun sauƙi, filin bai fi rabin awa daga Masallacin Annabi (SAW) ba.

Ana gobe tafiya, tura wa mai tarbarka saƙo a rubuce, kada ka tsaya a kan kiran waya kawai. Sa lambar tafiyar, da haruffan filin sauka, da rana, da lokacin sauka, ka bayyana agogon wane gari ne. Ce masa ya sa lambar a Flightradar24 ya ga tashin jirgin da idonsa kafin ya bar gida, ya kuma ƙara rabin awa a kan lokacin sauka in tafiyar gida ce, awa ɗaya zuwa biyu in ta waje ce. Rubuta lambar wayarsa a takarda ka sa a aljihu tare da fasfo, saboda caji kan ƙare, layi kuma kan ƙi aiki a wata ƙasa. In da tsoho za a tura shi kaɗai, rubuta masa lokutan da manyan haruffa, na gida a sama, na can a ƙasa, ka kuma nemi kamfanin tun wurin sayen tikiti ya tanadar masa keken turawa a filin tashi da na sauka.